Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Uba Sani: An Buɗe Asusu, To Wa Ke Cin Moriyarsa?

Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ka riƙo, ya haɗa ka da mashawarta masu gaya maka gaskiya ko da ɗaci.

Ni dattijo ne a Tudun Wada. Ƙuruciyata ta ƙare ne a ofishin lissafi na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, har ranar da injina suka yi shiru muka watse, kowa ya kama gabansa. Ni kasuwa na dawo. Shekaru da dama ke nan ni ke riƙe da littafin wata ƙungiyar adashi ta ƙananan 'yan kasuwa, maza da mata, kuma ɗana yana da teburin POS a bakin titi, inda nakan zauna bayan la'asar in taya shi ƙirga. Tsakanin littafin nan da na'urar nan babu abin da ban gani ba na aljihun talakan Kaduna. Abin da na gani ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kai na zaɓa in rubuta wa domin maganar kuɗi ba baƙuwarka ba ce. Kai ka shugabanci kwamitin harkokin bankuna na Majalisar Dattawa tsakanin 2019 da 2023, kai ka gabatar da ƙudurin da ya zama dokar bankuna ta 2020. Da ka zama gwamna kuma ka sa hannu a kan umarnin shigar da talakawa cikin harkar banki, gwamnatinka ta sha faɗin cewa an buɗe wa mutum sama da miliyan biyu asusu. Ban raina wannan aiki ba. Binciken da EFInA, wata cibiya mai nazarin shigar jama'a harkar banki, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligai a Najeriya ba su da wata alaƙa da harkar ajiya ko lamuni, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Duk wanda ya ga wannan tazara ya ce zai rage ta, ya cancanci a ce masa sannu da ƙoƙari.

Sai dai, ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Asusu ƙofa ce kawai. Ta cikinta kuɗi kan shigo wa talaka, ta cikinta kuma ake shiga a kwashe ɗan abin da ya tara. A lokacin zaman lafiya ba a cika gane wanne ya fi yawa ba. Sai masifa ta zo ake ganewa, mu kuwa a Kaduna daga 2020 zuwa yau ba mu huta ba, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Ka tuna kullen korona. Daga ƙarshen Maris 2020 aka rufe jihar nan, ba a sassauta sosai ba sai cikin Yuni. Mai albashi yana gida alat na shigo masa a ƙarshen wata. Mai sayar da awara, da ɗan dako, da mai wankin hula, su kuwa ranar da ba su fita ba ranar ba a ɗora tukunya. Babban Banki ya ware naira biliyan 50 na bashin rage raɗaɗi, amma ta intanet ake nema, sai da babbar waya, da data, da BVN, da adireshin imel, da wanda ya iya cike fom da Turanci. A ƙungiyarmu waɗanda suka samu su ne waɗanda dama suke da ɗan hali, masu 'ya'ya a jami'a da za su cike musu. Matan da suka fi kowa shiga uku ko labarin ba su ji ba sai da aka gama rabo. Ba wanda ya zauna ya ƙulla musu sharri. Hanyar ce aka shimfiɗa ta yadda sai mai takalmi zai iya bi.

A daidai wannan lokaci ƙasar Togo, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta fito da wani shiri mai suna Novissi a watan Afrilu 2020. Da ƙaramar waya mai tocila mutum zai danna lambobi ya yi rajista, kuɗi su shigo masa. Kyauta ce, ba bashi ba, kuma da gangan aka sa kason mata ya ɗara na maza. Waya ɗaya ce da tamu, fasaha ɗaya, amma su tun farko wanda ke can ƙasa suka sa a gaba suka auna hanyar da ƙafarsa.

Shekara ta zagayo, a ƙarshen Satumba 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe wasu kasuwannin mako. Kusan wata biyu aka yi a haka. Ba na jayayya da dalilin tsaro, ni ba soja ba ne. Amma ina so ka dubi abin ta idon wanda aka lallashe shi ya daina binne kuɗi a tukunya ya zuba a waya. Ranar da sabis ya ɗauke, kuɗinsa suna nan amma ba nasa ba ne. Ɗansa da ke ci-rani a Legas ba shi da hanyar turo masa ko sisi. Mai hali ya hau mota ya shigo gari ya ciri kuɗinsa. Marar hali ya sayar da akuya a wulaƙance. Mutumin Birnin Gwari ko Giwa da ya ga wannan da idonsa, in ka je masa da fom ɗin buɗe asusu ya yi maka kallon tara saura kwata, kada a ce jahilci ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Sai babbar, wato canjin kuɗi. A Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi suka ƙi fitowa. Jiharmu ce, tare da Kogi da Zamfara, ta kai ƙara Kotun Ƙoli, har aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a rubuta ba shi ne abin da ya faru a ƙasan rumfa a cikin waɗancan makonni.

Na ga mai tumatir ta zo da kwando daga ƙauye da sassafe. Masu saye na nan tsaye, kowa na cewa zai yi tiransifa, ita kuwa ba ta da asusu, ba ta ma da waya. Tumatir ba ya jiran hukuncin kotu. Kafin azahar ya fara ruwa, sai ta sallama shi rabin kuɗi ga wani dillali da ke da tsaba a aljihu. Shi kuma ya juya ya sayar wa masu tiransifa a cikakken farashi. A wuni ɗaya jarinta ya koma hannunsa, kuma babu wanda ya karya doka. Na ga masu kiwo sun sayar da dabba a haka, na ga manoma sun sayar da masara a haka. A lokacin, naira 5,000 sai mutum ya bar 1,000 a teburin POS kafin ya riƙe ta a hannu. Ba zan wanke masu POS ba, ɗana na cikinsu, kuma mun yi faɗa da shi a kan haka. Amma shi ma sayen tsabar yake yi daga gidajen mai da manyan 'yan kasuwa. Kuɗi suka zama haja, wanda ke da su ya sayar, wanda ba shi da su ya saya da tsada.

Gaskiya kuma ɗaya ce: a wancan lokaci, da manhajojin manyan bankuna suka riƙa maƙalewa, a cire wa mutum kuɗi ba su shiga ba, OPay da PalmPay da Moniepoint su suka riƙe kasuwa. Mai shayi ya manna lambar asusu a jikin teburinsa, mai nama ya yi haka, har mai Keke Napep. Wanda ya samu shiga ya tsira. Kamfanonin ma sun ci ribar zamani, domin a Oktoba 2024 darajar Moniepoint ta haura dala biliyan ɗaya. Ba na yi musu hassada, sun yi aiki. Ina dai lura ne cewa masifa ɗaya ta mai da wani biloniya, ta bar mai tumatir da kwando wayam, kuma duka biyun ana lissafa su a cikin labarin ci gaban kuɗin zamani.

Ko da babu masifa, ƙaramin mai ciniki ya fi biyan tsada. Zauna a teburin ɗana ka gani. Mace ta zo cirar naira 2,000 ta cefane, cajinta 100, wato kashi 5 cikin 100. Alhaji ya zo cirar 100,000, in ya ba da 1,000 ya biya, kashi 1 ke nan. Ita kuma kullum sai ta zo, domin ba ta da abin da za ta cira a dunƙule. Ga naira 50 ta gwamnati a kan duk tiransifar da ta kai 10,000, wadda tun Disamba 2024 ta shafi har waɗannan manhajoji. Ga kuɗin kira da data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Naira hamsin ba ta hana mai miliyan barci. Amma ribar mai ƙosai a kan kwano guda ke nan.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan bashin waya, kuma shi ne ainihin abin da ya hana ni barci.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da kai ma ka sha rantsuwa, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, jarin ƙananan 'yan kasuwa ya narke. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024. Wadda ke sarin buhu guda ta koma rabi, mai rabi ta koma tiya. Kayan sun ƙare a hannunta, ta ƙirga kuɗi ta ga kamar ta ci riba, ta koma sari ta tarar kuɗin ba za su sayi abin da ta sayar ba. A irin wannan hali ne saƙo ke shigowa waya: karɓi bashi cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To wannan hanjin da ƙugiya yake zuwa.

Akwai wani matashi a ƙungiyarmu, mai sayar da takalman roba da silifa. Yaronsa ya kwanta asibiti, ya taɓa jari. Ya karɓi naira 20,000 a wata manhaja, a biya 26,000 cikin mako biyu. Ni da na yi aikin lissafi na auna masa: kashi 30 cikin 100 a kwana 14, in aka bi shi haka har shekara ya kusa ninki takwas na uwar kuɗin. Babu sana'ar halal a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi da ke kawo irin wannan riba. Wa'adi ya cika bai haɗa ba, sai ya ci na manhaja ta biyu ya biya ta farko, ya ci na uku ya biya ta biyu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Da ya kasa, sai suka aika saƙo ga duk lambar da ke wayarsa, da hotonsa, suna kiransa ɓarawo. Surukinsa ya samu. Limamin unguwarsu ya samu. Mai ba shi kaya daga Kano shi ma ya samu.

A nan nake so ka tsaya, ranka ya daɗe, domin wanda bai san kasuwar Hausa ba ba zai gane girman ɓarnar ba. Sun ce ba sa karɓar jingina, alhali sun karɓi jinginar da ta fi gona da gida, wato mutunci. Ɗan kasuwarmu da amana yake juyawa. Maigidansa a Kano yakan ba shi kaya na dubu ɗari biyu ba takarda ba ruwa, in ya sayar ya kawo. Wannan shi ne bankin talaka na gaskiya tun kafin a haifi kakan waya. Ranar da saƙon nan ya shiga wayar maigidan, ranar aka rufe wa yaron nan wannan banki. Saboda bashin dubu ashirin mai ruwa ya rasa bashin dubu ɗari biyu marar ruwa. Yanzu yana tura baro. Mun haɗa masa abin da ya sawwaƙa daga asusun taimakon ƙungiya, amma sunan da ya ɓaci ba a sayo shi da karo-karo.

Na san hukumomi sun motsa. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar wani kamfanin bashin waya naira miliyan 10 saboda irin wannan tonon silili. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutane, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Duk an yi. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin waɗanda aka kora ta ƙofa suna dawowa ta taga, su turo wa mutum manhajar ta WhatsApp da sabon suna. Kuma ka tambayi mutum goma a Rigasa ina ake kai ƙarar mai bashin waya, in ka samu ɗaya da ya sani, na ba ka goro. Doka tana Abuja da Turanci, wanda aka zalunta yana Rigasa da Hausa.

Ko masu rajista, waɗanda ba sa zagi ba sa tonon asiri, akwai yadda injinsu ke auna mutane. Kwamfuta ce ke duba shige da ficen kuɗi a asusunka ta yanke nawa za a ba ka da ruwan da za a ɗora. Mai albashi da babban ɗan kasuwa, da yake kuɗi na gudana a asusunsu, sai a ba su da yawa a farashi mai sauƙi. Wanda cinikinsa na tsaba ne, ko mace mai sana'a a cikin gida wadda yara ke kai mata talla, kwamfuta ba ta ganinta, in ma ta gan ta sai ta ɗora mata ruwa mai nauyi. Da masifa ta zo ciniki ya ja baya, sai injin ya rage wa na ƙasa abin da yake ba su, daidai lokacin da suka fi buƙata. Rijiya ce mai cika da damina ta ƙafe da rani.

Ba mu kaɗai muka taka wannan hanya ba, kuma waɗanda suka riga mu sun bar sawu. Kowa na ambaton Kenya, inda kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, hanyar turawa da ajiye kuɗi ta waya, a 2007. Masu bincike biyu, Tavneet Suri da William Jack, sun bi gidaje shekara da shekaru, suka gano cewa in masifa ta faɗa wa gida, masu amfani da M-Pesa cimarsu ba ta raguwa, waɗanda ba sa amfani da ita kuwa takan ragu da kimanin kashi 7 cikin 100. A 2016 suka ƙiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su sun fi amfana. Amma a duba dalilin. Ba bashi ne ya cece su ba. Dangi ne na nesa suka samu hanya mai araha ta turo taimako da wuri, kuma mata suka samu wurin ɓoye 'yan kuɗinsu. Da bashin waya ya biyo baya, Kenya ɗin nan ta wayi gari da tulin mutane a baƙin littafin masu cin bashi saboda 'yan kuɗi ƙalilan, har a 2020 babban bankinsu ya hana sa sunan wanda bashinsa bai kai shilin 1,000 ba.

Shi kansa ƙaramin lamuni, wanda Muhammad Yunus na Bangladesh da bankin Grameen suka samu kyautar Nobel a kansa a 2006, an auna shi da ma'auni mai kyau. A 2015 aka fitar da sakamakon bincike shida daga Indiya da Habasha da Maroko da Meziko da Mongoliya da Bosniya. Abin da aka samu shi ne yana ɗan taimakawa, amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba, kuma inda aka ga riba sosai, wurin waɗanda dama suke da sana'a mai ƙafa ne. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, a 2010, matsin masu karɓar bashi ya kai ga rahotannin mutane na kashe kansu, har gwamnatin jihar ta taka wa kamfanonin burki. Gwamnatin jiha ce ta yi wannan, ranka ya daɗe, ba ta tarayya ba.

Na san ba kai ke ba da lasisin banki ba, ba kai ke yanka ruwan bashi ba. Amma abin da ke hannunka ba kaɗan ba ne.

Ina roƙon a daina auna nasara da yawan asusun da aka buɗe. Ni mai riƙe littafi ne, na san bambancin sunan da ke rubuce da mai zubi. A gaya mana, cikin miliyan biyun nan, nawa ne kuɗi suka shiga ko suka fita a cikinsu a wata ukun da suka wuce, ban da ranar rabon tallafi. Nawa ne na mata, kuma a cikin na matan nawa ne wayar da lambar sirrin suke hannun matar, ba hannun miji ko ɗa ko yaron POS ba. Kullum ina ganin tsohuwa ta miƙo kati ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi a gaban jama'a, domin ba ta iya karanta abin da ke kan na'urar. A fitar da alƙaluman ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 23, mu ga ko Kaduna ta Arewa da Birnin Gwari tafiyarsu ɗaya. In alƙaluman sun yi kyau, kai za a yaba wa. In ba su yi ba, gara ka ji daga littafinka da ka ji daga bakin 'yan adawa.

Duk bankin da gwamnatin jiha za ta bi ta kansa ta raba tallafi ko jari, ciniki ka kai masa, kuma mai kai ciniki yana da bakin magana. Ka sa sharaɗi: a yi wa mutum bayani da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatu ba, a gaya masa jimillar abin da zai biya da naira, ba da kashi-kashi ba. Kada a cire wa mai karɓar tallafi ko kwabo wajen cirar kuɗinsa. Sannan a rubuta tun farko cewa in masifa ta gama-gari ta sauka, ambaliya ko gobarar kasuwa ko rufe hanya ko annoba, za a ɗaga wa masu bashi ƙafa ba tare da ƙarin ruwa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, yana cikin Suratul Baƙara cewa wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Manoman citta na Kachia da Kagarko da Jaba, da cuta ta cinye musu gonaki a 2023, ba ƙin biya suka yi ba. Bashin da ake bi wata-wata ne bai san manomi sau ɗaya yake girbi a shekara ba, balle shekarar da bai girbe komai ba.

Akwai kuma jama'a masu yawa da ba rashin waya ya hana su shiga ba, tsoron riba ne. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kaduna na cikin rassansa uku na farko, bayansa TAJ da Lotus suka zo. Amma har yau bankin da ba ruwa ya fi zama na masu manyan riguna. Mai injin markaɗe da ke son sabon inji, abin da take buƙata shi ne a saya mata ta biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yanke tun farko, ba ya ƙaruwa don ta makara. Wannan tsari zai yi wa maƙwabciyarta Kirista a Sabon Tasha daɗi kamar yadda zai yi mata, domin ba mai son bashin da ke haihuwa da dare.

Kada kuma a raina adashi. Ana yi mana kallon tsohon yayi, alhali mu muke da abin da kwamfuta ba ta da shi: mun san wanda matarsa ta haihu, mun san wanda shagonsa ya ƙone, mun san mai wasa da dukiya. A kullen korona mun dakatar da zubi, muka ba wa waɗanda suka fi shiga matsi kwasa kafin layinsu, kuma ba mu aika wa surukin kowa saƙo ba. Rauninmu shi ne kuɗin suna kwana a hannun mutum ɗaya, in uwar adashi ta gudu ko ɓarayi suka shiga, shi ke nan. A nan waya za ta yi mana rana. A taimaka wa ƙungiyoyi su yi rajista ba tare da yawo ofis-ofis ba, su buɗe asusun da sai mutum uku sun amince kuɗi ke fita, kowane mai zubi ya riƙa samun alat. In gwamnati na da jarin da za ta ba talaka, ta zuba ta nan. Amma a tantance inda za a kai ajiyar, domin a Mayu 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankunan lamuni 179, kuma duk da cewa NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, ta ɗaga inshorar ajiya a irin waɗannan bankuna zuwa naira miliyan 2 a 2024, talaka bai san hanyar da zai bi ya karɓi haƙƙinsa ba.

Abu mafi sauƙi shi na bari a ƙarshe. A sa tebur guda a kowace babbar kasuwa, Kawo da Barci da Panteka da Sabon Gari ta Zariya da Kafanchan, da ma'aikaci mai jin Hausa, wanda aikinsa kawai ya karɓi kuka: an cire bai shiga ba, an turo alat na bogi, mai bashi ya ci mutuncina. Ya rubuta, ya tura wa FCCPC ko Babban Banki da hatimin gwamnatin jiha, ya bi sawu. Yanzu mai kukan naira 7,000 sai ya rufe shago ya hau mota ya je ya bi layi wuni guda a ce ya dawo bayan kwana bakwai na aiki, don haka yawanci sai su bar wa Allah. Kuma in har tsaro ya sake tilasta a katse sabis a wani yanki, Allah ya kiyaye, a yi shiri tun kafin a katse na yadda mutane za su kai ga kuɗinsu. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 kuɗi suka fara komawa can, kuma da yawansu ta waya suke tafiya.

Mai tumatir ɗin nan da na ba ka labari tana nan, yanzu ganye take kawowa, jarin bai koma yadda yake ba. An buɗe mata asusu, tana cikin miliyan biyunka. Katin yana ƙulle a bakin zanenta, ta ce tun da aka ba ta sau ɗaya kuɗi suka taɓa shiga. Takan iso bakin kasuwa wajen ƙarfe bakwai na safe. In wata rana hanya ta biyo da kai Tudun Wada ba tare da jiniya ba, akwai benci a teburin ɗana, zan nuna maka ita, in kuma buɗe maka littafin adashinmu ka duba da kanka.

Allah ya ba ka lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka,
Magatakardan wata ƙungiyar adashi,
Tudun Wada, Kaduna.